Laifin ambushir ne ko na leɓe? Sharhi kan busa torompet da kornet a Yamai

Duk inda masu busa torompet biyu suka haɗu a Yamai, ko bayan an tashi daga fareti, ko a harabar cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya, ko a wajen biki ana naɗe kaya, da wuya su rabu ɗaya bai karɓi ambushir ɗin ɗan uwansa ya jujjuya shi yana neman lambar da aka buga a jikinsa ba. Ambushir shi ne ɗan ƙarfen nan mai ƙoƙo da ake cusawa a bakin ƙaho, wanda mabushi ke ɗora wa leɓensa. In aka ga 7C sai a taɓe baki, a ce na ƴan koyo ne. In aka ga 3C sai a gyaɗa kai. In kuwa aka ci karo da mai ƙoƙo marar zurfi, irin na masu hawa sama, to an samu abin hira, kowa na so ya ɗana. Matasan mabusa da yawa sun ɗauka cewa sautin sama da juriya da amo mai daɗi duk suna ɓoye cikin wata lamba, wadda in Allah ya haɗa mutum da ita, ya huta.

A ganina an ɗora wa ɗan ƙarfen nan nauyin da ba nasa ba. Yana da aiki, kuma aikin ba ƙarami ba ne, za mu zo kansa. Amma mafi yawan abin da ake kuka da shi, gajiya da wuri, kumburin leɓe, sautin da ke shaƙewa in an hau sama, daga mabushi yake fitowa, kuma zai bi shi zuwa kowane ambushir ya koma.

Sai an fara sanin inda sautin ke fitowa. Sarewa tana da rami da iska ke bugawa. Algaita tana da ɗan kara a bakinta mai kaɗawa, mai busa ya rufe leɓensa a kan faifan, karan ya yi kuka a cikin bakinsa. Torompet ba ta da ko ɗaya. In ka hura mata iska zalla, ba abin da za ka ji sai huci. Leɓen mabushi ne ke buɗewa yana rufewa da gudu, yana sakin iska gutsure-gutsure cikin bututu, bututun kuma ya mayar da bugun iskar zuwa leɓe ya riƙe shi a kan wani sauti. A “do” na ƙasa, leɓe na buɗewa ya rufe sau 233 a daƙiƙa ɗaya. A “do” na can sama, wanda kowane matashi ke mafarkinsa, sau 932 ne. Naman da ke wannan aiki bai wuce abin da ya shiga cikin zoben ambushir ba, wato fili mai faɗin milimita 16 ko 17, kuma leɓen sama ne ke ɗauke da mafi yawansa.

Shi kuma bututun, wanda in aka warware na torompet mai si bemol zai kai kusan mita 1.5, yana da sautukan da yake so, ba kowanne yake karɓa ba. Wanda ya fara da bigila a fanfar, wato ƙungiyar masu busa ƙahoni da ganguna ta fareti, ya san wannan a jikinsa: ba fiston (maɓallin da ake dannawa da yatsa) ko ɗaya, amma ana samun do, sol, do, mi, sol da leɓe kawai. Kakakin fada ma haka yake, duk tsawonsa yawanci sautuka biyu ake jin yana yi a gaban Sarkin Damagaram ko Sarkin Abzin, kuma tsohon abu ne a ƙasar Hausa, tarihin Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Muhammadu Rumfa. Abin da Turawa suka ƙara shi ne fiston. Wasu Jamusawa biyu, Stölzel da Blühmel, suka yi rajistar dabarar a 1818, sannan Périnet a Paris ya fito da irin fiston ɗin da muke dannawa yau a ƙarshen shekarun 1830. Kowane fiston ƙara wa iska hanya yake yi: na biyu ya sauke sauti rabin mataki, na farko mataki guda, na uku mataki da rabi. In aka haɗa su duka, danni bakwai ne kacal. Bakwai ɗin nan yaro zai haddace su cikin mako. Sauran aikin, wato zaɓen wane sauti daga cikin waɗanda kowane danni ke iya bayarwa, na leɓe ne da harshe da iska, kuma shi ke cin shekaru.

Zaman leɓe kuwa, mai kalangu zai fi kowa saurin gane shi. Fatar kalangu daga gefe ake ɗame ta, tsarkiya ke ja, tsakiyarta kuwa a sake take don ta yi amo. In makaɗi ya matse da hamata sauti ya hau, in ya saki ya sauka, amma in wani ya ɗora tafin hannu a kan fatar, amo ya mutu ko da an ɗame ta iya ɗamewa. A wajen mabushi, kusurwoyin baki biyu su ne tsarkiya. Su ke riƙe da ƙarfi, suna manne da haƙoran gefe, haɓa kuma a shimfiɗe, ba a tattare ba. Tsakiyar leɓe, inda zobe ke zama, dole ta kasance da taushi. Hanyar da malamai suka saba koyarwa ita ce a rufe baki kamar za a ce “m”, haƙoran sama da na ƙasa a ɗan ware, a jiƙa leɓe, a ɗora ambushir, a ja numfashi ta gefen baki ba tare da an ɗaga shi ba.

Kurakurai biyu ne ke jiran ɗan koyo a nan, kuma kishiyoyin juna ne. Na farko ya ja baki baya kamar mai murmushi in zai hau sama. Sautin yana fita da farko, shi ya sa dabarar ke yaudara, amma leɓen ya zama siriri, ba sauran nama tsakanin ƙarfe da haƙori, amo ya zama tsiriri, mutum ya gaji kafin a je ko'ina. Na biyu ya turo leɓe gaba cikin ƙoƙo kamar mai hura wuta, sauti ya dushe ya yi nauyi. Daidai yana tsakani, tsokar da ta kewaye baki tana tattarowa ciki, ta kumatu tana ja waje, su tsai da juna.

Tambayar da ta fi haddasa gardama ita ce inda za a ɗora zoben, rabi sama rabi ƙasa ko kuwa. Gardamar ta girmi kowa da ke raye. Arban, Bafaranshen da littafinsa na 1864 har yau shi ne ginshiƙin koyon kornet da torompet, ya ce kashi ɗaya cikin uku a leɓen sama, biyu a na ƙasa. Saint-Jacome, wanda suka yi zamani ɗaya a gari ɗaya, ya faɗi akasin haka. Dukansu gwanaye ne, dukansu sun yaye gwanaye. Daga baya wani Ba'amurke, Donald Reinhardt, ya daɗe yana lura da bakunan mabusa, ya nuna cewa wasu iskarsu ƙasa take dosa a cikin ƙoƙo, wasu sama, kuma tsarin haƙori da muƙamuƙi ne ke yanke wannan hukunci, ba ra'ayin malami ba. Saboda haka in yaro yana da wushirya, ko haƙorinsa ɗaya ya ɗan fito har zoben ya fi zama ɗan gefe kaɗan, kuma amonsa na fita tas, a ƙyale shi. Abin da bai kamata a ƙyale ba guda ne: bakin zobe na ciki ya zauna a kan jan naman leɓen sama. Wurin nan ba shi da ƙwarin ɗaukar ƙarfe, can ake samun tsagewa. Zoben ya hau ya zauna a kan fatar da ke sama da jan.

Maganar kumbura kumatu tana da nata tarihi a wajenmu. Yaron da ya tashi yana kallon mai algaita ya riga ya sa a ransa cewa busa ke nan, kumatu su cika tam. Mai algaita yana da dalilinsa, a kumatun yake ajiye iska ya riƙa turawa yayin da yake shaƙar wata ta hanci, don kada sauti ya yanke. Mai torompet in ya sake kumatu, kusurwoyin baki ya sake, tsarkiya ta kwance. Nan take wani zai kawo hoton Dizzy Gillespie, gwanin torompet na jaz a Amurka, da kumatunsa har wuya. Gaskiya ne, kuma ya busa abin da ba kowa ke iyawa ba. Amma mutum guda ne cikin dubbai, kuma ba a kafa makaranta a kan abin da ya yi wa mutum guda daidai.

Yanzu ga babbar cutar, wadda na fi ganin tana kashe mabusa a garin nan: danne ambushir a kan leɓe da ƙarfin hannu. Tana da wuyar bari saboda tana aiki. In ka kasa kai wa “sol” na sama, ka ƙara jawo ƙahon da hannun hagu, ko ka maƙala ƙaramin yatsa a ƙugiyar nan ka ja, ƙarfe zai matse leɓen ya ƙanƙance ramin, sautin ya fito. Ka samu abin da kake so a take. Abin da ka biya shi ne jinin da ya kasa zagayawa a wurin. Bayan ɗan lokaci leɓe ya kumbura, kumburarren leɓe kuma ba ya kaɗawa da sauƙi, sai ka ƙara dannawa don ya yi, ya ƙara kumbura. Haka za a yi ta yi har a kai inda iska kawai ke fita. Ba wai ana busa torompet ba danni ko kaɗan ba, dole a samu wanda zai toshe iska kada ta zurare ta gefe, kuma yana ƙaruwa kaɗan in an hau sama ko an ɗaga sauti. Wanda ya wuce wannan shi ne ɓarna. Alamominsa a fili suke: zoben da ya kwanta a leɓe ya daɗe bai baje ba, sawun haƙori a cikin leɓe, haƙoran gaba suna tsami washegari, ko kuma mutum ya kasa busa sauti a hankali sai da ƙarfi.

Manya ma ba su tsira ba. Louis Armstrong, wanda ya zo Gana a 1956 ya kuma zagaya Afirka har da Najeriya a 1960, ya sha fama da fashewar leɓe, har ya shafe watanni a Paris a 1934 bai busa ba yana jiran ya warke. Freddie Hubbard, wani gwanin torompet na Amurka, leɓensa na sama ya tsage a 1992, ciwon ya ruɓa, kuma bai sake komawa yadda yake ba. Waɗannan mutane ne da ke iya sayen kowane ambushir a duniya.

Yanayin aikinmu yana ƙara rura wutar. Mabushin Yamai a fili yake busa, ba bango ba rufi da zai dawo masa da sautinsa, ga ganguna a bayansa, a wajen biki kuma ga lasifikar mai gita da aka ƙure. Ba ya jin kansa, sai ya ɗauka bai isa ba, ya ƙara ƙarfi. In ana shirin bikin ƙasa na 3 ga Agusta ko na 18 ga Disamba, sai a yi ta maimaita taken ƙasa da waƙoƙin maci safe da yamma, a tsaye, a rana. Wanda ya yi wata biyu bai taɓa ƙaho ba, a mako guda ake so ya dawo da abin da ya zube. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsokar baki ƙarama ce, a lokacin hutu take ginuwa, shi ya sa tsofaffin malamai ke cewa ka huta daidai yadda ka busa. Minti ashirin sau uku a yini, kullum, ya fi awa uku a zama ɗaya ranar Asabar. Kuma a fara da dogayen sautuka a hankali, da zamewa daga do zuwa sol zuwa do ba tare da harshe ko sauya fiston ba, irin darussan da malaman busa Schlossberg da Clarke suka tsara. Clarke ma a littafinsa na 1912 cewa ya yi a busa su a hankali sosai, ba ƙara. Ba abin burgewa a ciki, maƙwabta ma ba za su san gwani ne ke ciki ba, amma a nan ake koyon hawa ba da hannu ba.

Abin da ya kamata ya maye gurbin danni shi ne iska da harshe. Sautin sama ba iska mai yawa yake nema ba, mai gudu yake nema. Ka ce “a” sannan ka ce “i”, ka lura da yadda bayan harshe ke tashi, hanya ta ƙuntata. Mai fito ya san wannan, da harshe yake hawa da sauka. A torompet ma haka ne, “ta” a ƙasa, “ti” a sama. Numfashi kuwa a ja shi sosai ba tare da ɗaga kafaɗa ba, a sake shi nan take. Wanda ya ja ya riƙe, ya toshe maƙogwaro kamar mai shirin ɗaga buhu, jijiyoyin wuya su miƙe, fuska ta yi jawur, ƙarfinsa a cikin ƙirji yake ƙarewa, kaɗan ke isa leɓe. Fara sauti da “tu” ake yi, kan harshe a bayan haƙoran sama, ya saki iska ba ya buge ta ba. In gudu ya yi yawa sai a koma “tu-ku tu-ku”, ko “tu-tu-ku” in uku-uku ne. A nan mai jin Hausa sai ya yi hattara, don bakinmu ya saba da “ƙ”, wadda sai an rufe maƙogwaro take fita. In “ku” ta rikiɗe ta zama “ƙu”, iska ta yanke a kowane bugu na biyu, sautin ya riƙa tsalle. “K” mai taushi ake so, kusa da “g”.

To, mu dawo kan ƙarfen. Sassa huɗu ne ke aiki a jikinsa, kuma kowanne abin da ya ba ka ta nan sai ya karɓe ta can. Zobe mai faɗi da laushin gefe yana da daɗin zama, yana raba nauyi, amma yana riƙe leɓe ya rage saurin zamewa tsakanin sautuka, mai kaifin ciki kuma yana fito da farkon sauti tsaf amma ba ya yafe wa mai danni. Faɗin cikin zobe in ya ƙaru, nama mai yawa ke kaɗawa, amo ya cika, amma tsoka ta fi aiki. Ƙoƙo shi ya fi sauya launin amo: mai zurfi yana ba da murya mai kauri da taushi, ƙasa ta yi daɗi, marar zurfi yana ba da mai kaifi da ke ratsa taro, yana kuma tallafa wa sama. Ka cire ambushir ka buga bakinsa a tafin hannu, za ka ji ɗan “fof”, na marar zurfi ya fi tsini, wannan shi ne sautin da ƙoƙon ke fifitawa. Sai ɗan ramin da ke gindin ƙoƙo, wanda a yawancin na kamfanin Bach milimita 3.66 ne, da kuma hanyar da ke buɗewa daga nan zuwa ƙarshen ƙafa. Su ke sa ka ji ƙahon yana tura ka ko yana shanye maka iska. Akwai masu kai ambushir wajen maƙeri a ƙara buɗe ramin don iska ta wuce. Ƙarfen da aka cire ba ya komawa, kuma sau da yawa abin da ake samu shi ne sama ta lalace, numfashi ya riƙa ƙarewa da wuri.

A lura da kalmar tallafi. Ƙoƙo marar zurfi ba ya ƙirƙiro sautin da leɓe bai iya ba, yana sauƙaƙa riƙe wanda aka riga aka iya ne. Ɗan koyon da ya ɗauki marar zurfi irin 14A4a na kamfanin Schilke, wanda masu jan gaba a manyan ƙungiyoyin jaz ke so, in leɓensa na shiga cikin ƙoƙo sai ya taɓa gindi, sauti ya ɗauke ɗif.

Lambobin kansu suna da ruɗani. Vincent Bach, mutumin Ostiriya da ya koma Amurka ya fara ƙera ambushir a New York a 1918, shi ya kafa tsarin da aka fi sani: ƙaramar lamba babban zobe, harafi kuma zurfin ƙoƙo, A mai zurfi har zuwa E da F marasa zurfi. A takardar kamfanin, 7C milimita 16.20 ne, 3C 16.30, 1½C kuma 17. Wato tsakanin na “ƴan koyo” da na “manya” da ake taɓe baki a kai, kashi ɗaya cikin goma na milimita ne a rubuce. Bambancin da baki ke ji ya fi zuwa daga siffar zobe da ta ƙoƙo, don harafin C ba zurfi ɗaya yake nufi a kowace lamba ba. Yamaha da Schilke kuma a juye suke ƙirga, babbar lamba babban zobe, har 11B4 na Yamaha ya zo kusa da 7C. Sannan ga ƙahonin araha da ke zuwa da ambushir a cikin akwati an buga masa 7C, alhali in ka jera uku ba za ka samu biyu iri ɗaya ba. Lambar da ke jiki ba shaida ba ce. Haka zancen da ake yi cewa mai kaurin leɓe dole sai babban zobe, ba doka ba ce, abin da ke cikin zobe ne ke kaɗawa, ba dukan leɓe ba.

Kornet tana buƙatar a yi mata adalci, don a nan ana ɗaukarta torompet ce da ta gajarce. Tsawon bututunsu ɗaya, dannin fistonsu ɗaya, si bemol ɗinsu ɗaya. Amma bututun kornet ya fi farawa siriri yana buɗewa a hankali, an kuma naɗe shi ya fi tattaruwa, shi ya sa muryarta ta fi taushi, ta fi saurin juyawa. A Faransa aka haife ta wajen 1830, kuma ita ce ƙahon gwanaye a ƙarni na 19, Arban don ita ya rubuta littafinsa, Armstrong ma da ita ya fara. Har yau ƙungiyoyin ƙahoni na Ingila kornet suke amfani da ita, ba sa sa torompet, da ambushir mai zurfi mai siffar mazurari irin na kamfanin Denis Wick. Ƙafar ambushir ɗin kornet ta fi gajarta ta fi siranta, don haka na torompet ba ya shiga daidai. Wanda ya tura shi da ƙarfi ya tsaya rabi, ko ya naɗa wa na kornet takarda ya cusa a torompet, zai yi ta faɗa da sautukan da ba su daidaita ba yana zargin kunnensa. Kuma wanda ya sa wa kornet ƙoƙo marar zurfi ya zubar da abin da ya sa aka ƙera ta. Ga yaro ɗan shekara tara ko goma, ni kornet zan ba shi. Nauyinta yana kusa da jiki, hannu ba ya gajiya ya saki ƙahon ya rataya a leɓe, wanda ta nan ne ɗabi'ar danni ke shiga tun ana ƙarami.

Ba ina cewa kada a taɓa sauyawa ba ne. Wanda ya yi shekara biyu ko uku yana busa kullum, zamansa ya daidaita, ya kuma iya faɗin matsalarsa da baki, yana da hujja. Misali zoben yana cizonsa ko da bai danna ba, ko leɓensa ya cika ƙoƙo har ƙasa ba ta fita, ko aikinsa ya koma na jan gaba a makaɗan rawa inda ake so ya ratsa gita da ganga, irin busar da ake ji wajen ƴan Gangbé na Kwatano ko a tsohon hailaif na Victor Olaiya. Wanda bai iya faɗin abin da ke damunsa ba sai “ina son sama”, malami yake buƙata. In za a gwada, abu ɗaya ake sauyawa, ko zurfi ko faɗi, ba duka ba. A gwada da sautin ƙasa a hankali kafin na sama, a gwada harshe, a duba daidaito da manhajar awon sauti ta waya, a sa wani mai kunne ya tsaya nesa ya saurara, don abin da mabushi ke ji a bayan ƙaho ba shi ke isa ga jama'a ba. Kuma a san cewa sabon ambushir yana da daɗi a kwanakin farko, sannan ya yi tsami da tsoka ta fara neman sabon zama, sai bayan makonni gaskiyarsa ke fitowa. Mai sauyawa duk wata bai taɓa kai wa wannan gaskiya ba.

Sauran abin da ya rage na ƙasarmu ne, littattafan Turai ba su damu da shi ba. Da hunturu leɓe na bushewa ya tsage, kuma busa a kan tsagewa ƙara ta yake yi. Man kaɗe da dare ya wadatar, a goge kafin a busa, a guji man shafawa mai yaji ko sanyi a leɓe. Da bazara, a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ambushir ɗin da aka bari a rana yana iya ƙona baki, a ajiye shi a aljihu. Zafi kuma yana ɗaga sautin ƙaho, sai an ƙara jawo babban bututun daidaitawa waje, in ba haka ba mabushi zai yi ta sauke sauti da leɓe yana gajiyar banza. Da azumi baki a bushe yake, gara a mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa. Goro da shayi mai sukari in ba a kuskure baki ba a cikin bututu suke kwana, su toshe ramin nan na milimita uku da ɗoriya, su ci tagullar daga ciki. Ruwa da sabulu da ɗan buroshi sau ɗaya a mako sun isa. In farin rufin azurfa ya goge a zobe har jan ƙarfe ya fito, a daina sa shi a baki, yana sa wa wasu ƙuraje da kumburi.

A ƙungiyoyin da ƙahoni na hukuma ne ko na makaranta, yau a hannun wannan gobe a hannun wancan, ambushir ne abu guda da ya kamata kowa ya mallaki nasa. Ƙurajen leɓe ta nan suke yawo, sannan bakin da ke samun zobe ɗaya kullum ya fi saurin zama ko da ƙahon ya sauya. Wajen sa shi, a cusa a ɗan murɗa kaɗan, kada a buga shi da tafin hannu don jin ƙarar nan da yara ke so. In ya maƙale, kada a kama shi da filaya, kada a kai wa mai walda. Ƙarfin da za a murɗa da shi ya fi na dalmar da ke riƙe da bututun gaba, sai a wayi gari an ɓalle ƙahon, ambushir kuma yana nan daram. Akwai ɗan injin zare shi mai kusoshi biyu da ke tura bakin ƙaho yana jan ambushir a miƙe, bai kai girman tafin hannu biyu ba, kuma guda ɗaya ya ishi fanfar gaba ɗaya.